Zare: Gawa ta 95, da mai binciken da ƙasar Ruma ke jira

1/
Jama'a a gyara zama, zaren yau da tsawo. Magana ce kan littattafan binciken kisan kai, irin waɗanda marubuci ke ɗaukar mai bincikensa ya kai shi can zamanin da. Ra'ayina: babu waɗanda suka kai mu 'yan Batsari da Safana buƙatar irin wannan littafi da Hausa. Ku biyo ni a sannu. 🧵

2/
Shekarar 1138, garin Shrewsbury a Ingila. Ana yaƙin basasa kan gadon sarauta tsakanin Sarki Stephen da 'yar kawunsa Maud. Stephen ya ci garin da yaƙi, ya sa aka rataye mutum 94 daga cikin waɗanda suka hana shi shiga. Wannan ɓangaren tarihi ne, ya faru.

3/
A kansa marubuciya Ellis Peters ta ɗora littafinta One Corpse Too Many a 1979. Jaruminta Cadfael tsohon soja ne da ya koma ɗan zuhudu a coci, yana haɗa magunguna da ganyayyaki. Shi aka ba aikin shirya gawarwakin a binne. Da ya ƙirga sai ya samu 95.

4/
Ɗaya ta ƙaru. Kuma shi wannan ba rataye shi aka yi ba, shaƙe shi aka yi da siririyar igiya. Wani ne ya kashe shi don biyan buƙatar kansa, ya jefa shi cikin tarin gawarwakin sarki, da lissafin cewa ranar da aka kashe kusan ɗari wa zai tsaya ƙirge? Littafin kaf a kan gawar nan ɗaya ya tsaya: wane ne, wa ya kashe shi, a kan me.

5/
To mu dawo gida. Fabrairun 2020, Tsauwa da Dankar a Batsari, mutum 30. Abin da ya rage a kan yawancinmu ke nan, lamba. Haka labarin ke zuwa kullum: adadi, sunan ƙauye, "'yan bindiga", Allah ya jiƙansu, sai yatsa ya gangara rubutu na gaba.

6/
Tambayar da ke hana ni sukuni: a shekarun nan, gawa ta 95 nawa aka binne a yankinmu? Rigimar iyakar gona, bashi, gado, neman aure. Mutum ya kawar da abokin gabarsa a hanyar daji, a wayi gari a ce mutanen daji ne, kowa ya ce Inna lillahi, magana ta mutu. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya taɓa jin raɗe-raɗin irin wannan.

7/
Ga kuma maganar infoma. Akwai su na gaske, sun kuma cuci al'umma, babu musu. Amma a nuna mutum da hantsi a ce infoma ne, kafin la'asar an gama da shi. Wa ya fara faɗa? Me ke tsakaninsa da wanda ake zargin? Ya gani ne ko ji ya yi? Wallahi ba kasafai ake tsayawa a yi waɗannan tambayoyin ba.

8/
Mun saba da tambayar "su wa suka yi?" Amsarta kullum jam'i ce: Fulani ne, 'yan sa-kai ne, 'yan ƙauye kaza ne. Amsar jam'i kuwa ramuwar jam'i take haifarwa. Labarin bincike tambayarsa daban ce: "WA ya yi?" Mutum ɗaya, mai suna, mai dalili. Shafi ɗari uku ana horar da kai kada ka yarda da zargin farko.

9/
Ba wai ina cewa littafi zai tare harsashi ba ne, zan zo kan wannan. Cewa nake yi akwai wata ɗabi'ar tunani da ta yi mana ƙaranci, kuma akwai nau'in labari guda da sana'arsa ke nan, koyar da ita.

10/
Wani zai ce to a rubuta kan yau mana, me ya kai mu zamanin da? Dalili na farko kowa ya san shi: ka rubuta labarin yau da sunan gari na gaskiya, kai da iyayenka ba ku ƙara barci da ido biyu rufe. Na biyu, labarin yau kowa da ɓangarensa yake shigowa. Tun shafin farko ya riga ya yanke hukunci.

11/
Ka mai da shi shekara ɗari baya, mai karatu ya ajiye sandarsa a bakin ƙofa. Dabarar da marubutan duniya suka daɗe suna yi ke nan. Philip Kerr ya ɗauki tsohon ɗan sandan ciki Bernie Gunther ya ajiye shi a Barlin ta 1936, ƙarƙashin 'yan Nazi. Malla Nunn ta kai Emmanuel Cooper Afirka ta Kudu ta 1952, lokacin da dokokin wariyar launin fata suka fara aiki.

12/
Ku lura da irin lokutan da suke zaɓa. Ba zamanin zaman lafiya ba. Lokacin da ita kanta hukumar ke da jini a hannu, ko doka ɗaya ta faɗi wata ba ta gama tsayawa ba. A nan ne tambayar "wa ya kashe wannan mutum ɗaya" take yin nauyi.

13/
Wanda ya fi kama da namu shi ne Alƙali Dee na ƙasar Sin. Mutum ne na gaske, Di Renjie, ya rayu daga 630 zuwa 700 a daular Tang. Wani jami'in jakadanci ɗan Holan, Robert van Gulik, ya fassara tsohon littafin shari'o'insa a 1949, sannan ya ci gaba da ƙirƙiro nasa. Alƙali ne, kuma shi ne mai binciken. Ba bindiga, ba kwamfuta, sai tambaya da lura.

14/
(Masu kallon Indiya, kun tuna Detective Byomkesh Bakshy na 2015, wanda marigayi Sushant Singh Rajput ya fito, a Kalkata ta lokacin yaƙin duniya na biyu? To dangin abin da nake magana ke nan.)

15/
Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Da ni ce ko ni ne mai alƙalamin, ƙasar Ruma zan zaɓa, tsakanin 1903 da 1914. Ban ga wata shekara goma sha ɗaya a tarihinmu da ta kai wannan cika da abin rubutawa ba.

16/
Ku tuna asalin wurin. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina sun koma arewa suka kafa Maraɗi, aka shafe kusan ƙarni na 19 gaba ɗaya ana kai wa juna hari. Ƙasar Ruma da dajin Rugu bakin daga ne a lokacin. Shi ya sa har yau in aka ambaci Ɗan Waire tsofaffi ke gyara zama. Yankinmu ya san dawakin hari tun kafin ya san babur.

17/
Sai 1903 Lugga ya shigo Katsina. Cikin 'yan shekaru Turawa suka tuɓe sarki biyu, Abubakar da Yero, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906. Ku yi tunanin fada a lokacin: gidan da ya yi shekara ɗari yana mulki an ture shi, sabo ya hau, kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido.

18/
Tsakanin 1906 da 1908 kuma Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi suna kafa alamun iyaka. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, mu muka faɗa hannun Ingila. Ma'ana ɓarawon shanu ya kora garke ya wuce Jibiya da tafiyar yini, ya fita daga ikon alƙalin da ke nemansa. Marubucin bincike ba ya roƙon Allah abin da ya wuce wannan.

19/
Ƙara da wannan: an turo hakimai daga birni su zauna a gundumominsu, jakadun da suka saba cin abinci a tsakani sun rasa tudun dafawa. Haraji da jangali sun fara komawa kuɗin Bature, wuri na mutuwa a hannun mutane. Makiyayi na ɓoye shanu a daji ranar ƙirga, malamin haraji na rubuta goma ya karɓi na sha biyu.

20/
Ga bauta tana mutuwa a hankali. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma uwarsa tana nan baiwa sai ta fanshi kanta. Sai 1936 aka soke abin gaba ɗaya. Gida guda, uwa baiwa, ɗa ɗa, ubangida na ganin dukiyarsa na zarewa. Dalilin kisa nawa ke cikin wannan jimla kaɗai?

21/
Sannan a rufe da yunwar 1913 zuwa 1914, lokacin da jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, gyaɗa ta fara kuɗi, rumbuna kuma suka wayi gari wayam. Mutane na faɗuwa a hanya. A cikin masu faɗuwar nan sai a tsinci ɗaya da cikinsa a ƙoshe, da sara a ƙeya. Ga gawarmu ta 95.

22/
Wa zai bincika? Don Allah kada a kawo mana D.O. Bature mai hular kwano da tafinta a baya. An gaji. Kuma kada a ɗinka wa Sherlock Holmes babbar riga a ce ai ga namu. Mutanen da za su yi aikin suna nan cikin tsarinmu na da.

23/
Na farko muhuti, malamin da ke zama gefen alƙali. Matashi, ya sha Risala da Muhtasar da Tuhfa, ya san hukunci amma ba shi da iko. Shi ke rubuta abin da shaidu suka ce, don haka shi ne zai fara lura cewa shaidu biyu sun faɗi magana iri ɗaya sak, kalma da kalma, kamar waɗanda aka yi wa bita.

24/
Na biyu mai bin sawu, kuma ni Bafulatani zan sa. Dattijon ruga wanda zai duƙa ya kalli ƙasa ya ce shanu bakwai ne, ɗaya na ɗingishi, mai korarsu ba makiyayi ba ne don a guje ya kora su. Muhuti ya san littafi bai san daji ba, shi ya san daji bai yarda da kotu ba. Dole su jingina da juna, suna yi suna zolayar juna.

25/
Kuma da gangan na ce Bafulatani. Yaron da aka haifa a Wagini ko Runka ko Zakka a 2012 bai taɓa jin kalmar "daji" ba tare da faɗuwar gaba ba. Ina so ya karanta labarin da mutumin ruga ne ya gano gaskiya, a littafi na biyu kuma ɗan'uwan mutumin rugar ne mai laifin. Kowane gida da nagari da mugu, yadda abin yake.

26/
Na uku, wadda na fi so: tsohuwa mai wankan gawa, ungozoma ce kuma. Ita ce likitan binciken gawarmu. Ita ke ganin shatar yatsu a wuyan amaryar da aka ce zazzaɓi ne. Tana shiga cikin gidan da namiji ba ya shiga. Matsalarta ɗaya, a shari'ar jini maganarta ba ta tsayawa shaida kamar ta maza biyu adalai. Ta sani, ba ta da ikon tabbatarwa.

27/
Ita kanta shari'ar cike take da abin ja. A Malikiyya, in wanda aka sara ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin rai ya fita, aka samu waɗanda suka ji, ana ɗaukar wannan alama mai ƙarfi. Sai dangin mamaci maza su yi ƙasama, rantsuwa hamsin, jinin ya tabbata a wuyan wanda aka ambata.

28/
To ka ga labari. Mamaci ya ambaci suna. A garin masu sunan nan uku ne. Ko kuwa duhu ne, rigar ya gane ba fuskar ba. Dangi sun yi alwala, gobe da safe za su rantse. Muhuti na da dare ɗaya. In sun rantse a kan kuskure, an kashe marar laifi, su kuma sun ɗauki rantsuwa hamsin a ka. Ku gaya mini wane fim ɗin Turkiyya ya fi wannan.

29/
A sama da duk wannan ga Razdan, don hukuncin kisa ba ya zartuwa sai Turawa sun sa hannu. Doka biyu a kan gawa ɗaya. Rikicin nan na gaske ne: a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisan da kotun sarki ta yanke, don a dokar Turawa tunzura shi aka yi.

30/
Kayan aikin ma ba ɓoyayyu ba ne. Allan Christelow ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 a littafinsa Thus Ruled Emir Abbas: sata, kisa, gona, bayi, ga su nan ɗaya bayan ɗaya. Dakta Yusufu Bala Usman ya shimfiɗa Katsinar kafin Turawa. Rahotannin gundumomi na kwance a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Ɗaliban tarihi na kwasar su don furojet, a ba su maki, a ajiye a kanta ƙura ta ci.

31/
Gargaɗi ɗaya, kuma da ƙarfi nake yin sa. Kada wannan ya zama littafin "da can an ji daɗi". Ina yawan ganin rubutun nan: a dawo da En'e, a dawo da dogarai, lokacinsu ba ɓarawo. Ku tambayi jikokin 'yan NEPU. Tun daga kafa ta a 1950, 'yan doka da kotunan alƙalai aka riƙa amfani da su ana ɗaure talakan da ya buɗe baki.

32/
Gaskiyar ita ce tsarin na da yana da abin da ya iya: maigari ya san baƙon da ya kwana a garinsa, arɗo ya san shanun da suka shigo. Yana kuma da bulala, da aikin tilas, da alƙalin da ke kallon fuskar hakimi kafin ya yanke. Mai bincike nagari a cikinsa dole wata rana ya gano gaskiyar da ubangidansa ba ya so a ji. Ranar ce za a san ko littafin na da ƙashi.

33/
Wannan ma ya isa jeri na biyu. Usman Nagogo ya riƙe shugabancin 'yan dokan Katsina tun 1929 kafin ya hau gado a 1944. A ɗauki ɗan doka guda, tsohon sojan Bama, a shekarun 1950: ranar zaɓe, an tsinci gawar ɗan NEPU a rijiya, kowa ya san amsar da ake so ya kawo. A bi shi har ƙarshen shekarun 1960 da aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya.

34/
A hanya zai ratsa 1965, shekarar da gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Yaushe burtali ya fara zama gona, wa ya sa hannu, wa ya karɓi me? Tambayar da ake faɗa a kanta a nan kullum. A bakin ɗan siyasa gardama ce. A cikin labari takarda ce da wani ya yi kisa don kada a gan ta.

35/
Abin haushin, rabi da rabin muna da su tuntuni. Ɓangaren tarihi: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, tun 1934. Shaihu Umar ma satar yaro ce a tsakiyarsa. Ɓangaren laifi: Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kuma duka biyun Katsinawa ne. Haɗa su ne ba a yi ba.

36/
Marubutanmu na Wattpad da WhatsApp, ina ganin ƙoƙarinku, wasunku sun iya riƙe mai karatu har asuba. Amma jarumin ku in ba ɗan gwamna ba ne to soja ne mai kuɗi da ba ya murmushi. In an tashi tarihi kuma sai a tafi birnin Kisra da aljanu da takobin tsafi. Ruma fa? Babban Duhu fa? Sunan kaɗai ai taken littafi ne.

37/
Kannywood ma haka. Ana iya jan fim mai dogon zango shekaru, Labarina da Daɗin Kowa sun nuna. Amma "fim ɗin gargajiya" har yanzu bukka ce da yarima da boka mai jan ƙyalle. Ga shi mun zauna mun kalli Ertugrul da fassarar Hausa har muna haddace sunayen ƙabilun Turkawa.

38/
Na san amsar da ke zuwa: "ana kashe mutane, mutane na kwana a azuzuwan firamare, kai kana maganar littafi." Gaskiya ne, wanda ya baro gonarsa abinci da tsaro yake nema, kuma hakkin gwamnati ne ba na marubuci ba. Ko a 2021 da aka katse mana layin waya, ba wanda ya ce littafi ya rasa.

39/
Amma ku shiga inda 'yan gudun hijira suke da dare. Waya ɗaya, mutum takwas sun kewaye ta, ana sauraron littafin da wani ya karanta aka tura a memori. Ana jin labari ko mun so ko mun ƙi. Yaran nan su ne 'yan sa-kai da 'yan sanda da alƙalan shekara goma sha biyar masu zuwa. Wane irin jarumi ake zuba musu a kunne, mai ramuwa ko mai tambaya?

40/
Sharuɗɗana ga duk wanda zai gwada. Kada boka ya warware kisan, ko mafarki. Bokan na iya fitowa, mutane sun yarda da shi, amma hujja ce za ta kama mai laifi. Kada a sa wa mutumin 1910 bakin ɗan jami'a. Kuma mamacin ya zama talaka: mai kiwo, baiwa, ɗan koli. Mu san sunansa da na uwarsa da bashin da ake bin sa kafin babi na uku.

41/
Sai abu na gaggawa, wanda ba sai marubuci ba. Duk wanda ya yi ɗan doka, ko muhuti, ko malamin jangali kafin 1968, yau ya kai tamanin ko yana dab da ita. Suna nan a Batsari, Safana, Dutsinma, wasu rikici ya koro su cikin Katsina. In kakanka na ciki, ko kakarka ta yi wankan gawa, kunna rikoda a wayarka ka tambaye su shari'ar da har yau ba su manta ba. Ka nemi izininsu, ka cire sunayen mutane, ka ajiye muryar wuri biyu.